Mun Gudu Daga Gulbi a 1945, Ruwa Ya Same Mu a Kan Tudu: Tarihin Ƙasar Maraɗi da Ƙwarin Cikinta



Duk wanda ya kwana a Maraɗi ƙarshen watan Agusta na 2024 ba zai manta da ruwan nan ba. Cikin ƴan awoyi tituna suka koma korama, gidaje suka zube, hanyoyi suka yanke, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka muka ji tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, shi ma ya faɗi.

A fada da majalisu kowa ya faɗi nasa. Wasu suka ce kanibo ne ya toshe, wasu suka ɗora wa hukuma, wasu suka ce sauyin yanayi ne. Duk akwai gaskiya ciki. Amma akwai tambaya guda da ba mu cika yi ba. Garin ga a kan jigawa yake, a kan yashi. Kowane manomi ya san yashi shan ruwa yake. To yaushe ƙasarmu ta rage sha, kuma me ya hana ta? Amsar na cikin tarihin garin, kuma tana da alaƙa da wasu ƙananan halittu da muke takawa kullum ba mu duba ba: gara, tururuwa, buzuzu da tana.

GARIN DA AKA KAFA CIKIN KURMI

Maraɗi ta farko ba a tudu take ba. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na Haɓe da jama'arsu suka baro birninsu, suka yi ta yawo, har Ɗan Kasawa ya tsayar da sarauta a nan wajen 1819. Wurin da suka zauna kwarin Gulbi ne, ƙasa mai laka da duhun itatuwa. Gobirawa ma da suka kafa Tsibiri a 1836, bakin wannan kwari suka zaɓa. Kurmi kariya ne daga dawakin abokan gaba, gulbi kuma abinci ne.

Kowace damina gulbi ya kan taso daga kudu, daga ƙasar Katsina, ya malale fadama, ya kwanta kwanaki, sannan ya janye ya bar sabuwar laka. A kan lakar nan ake noman dawa, auduga, taba da kayan lambu. A saman tudu kuma akwai jigawa, inda ake hatsi da wake a ƙarƙashin gawo, ga sabara da kalgo ko'ina. In gona ta gaji a bar ta saura shekaru, ciyawa ta rufe ta. Da kaka makiyaya su sauka a gonaki, shanu su ci kara su bar kashi.

Shi kansa garin yana ciyar da gonakin da ke kewaye da shi. Jujin da ba kamar na yau ba ne. Toka ce, da kashin awaki da tumaki, da ƙaiƙayi, da tsohuwar zana da buntun jinka. Da rani a loda wa jakuna a mangala, a kai gona. Wannan ba al'adar Maraɗi kaɗai ba ce, haka birnin Kano da karkararsa suka rayu ɗaruruwan shekaru: jaki ya shigo da itace, ya fita da taki. Abin da aka ɗauko daga ƙasa a matsayin hatsi ya kan koma mata a matsayin taki.

MA'AIKATAN DA BA A BIYA

Sai dai taki in an zube shi a gona ba ya shiga ƙasa da ƙafarsa. Akwai masu shigar da shi.

Babbar ma'aikaciya a ƙasa irin tamu ita ce gara. A ƙasashen da ke da sanyi da damshi tana ce ke wannan aiki, har wani masanin Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1881. Amma a jigawarmu da ke bushewa wata takwas, tana ba ta da yawa, sai a fadama da bakin rijiya. A tudu gara ce da tururuwa ke riƙe da aikin. Gara na bin kara da busasshen ganye da kashin shanu, ta lulluɓe su da ƙasa, ta ja su ciki. Garin yin haka ta kan huda ƙasa da ƙananan hanyoyi bila adadin. In ruwa ya sauka, waɗannan hanyoyi ne yake bi ya nutse. Masu bincike sun auna wannan a nan Nijar da Burkina Faso: inda aka shimfiɗa kara a kan fako gara ta zo ta huda, ruwan da ke nutsewa ya ƙaru, mai gudu a sama ya ragu. Zago kuma, mai gina suri, daga can ƙasa yake haƙo laka ya kawo sama. Shi ya sa iyayenmu ke neman ƙasar suri in za su yi yaɓe ko ginin rumbu.

Tururuwa na tona rami mai zurfi, tana tara iri da hatsi a ciki. Tsofaffi na ba da labarin yadda a shekarun yunwa aka riƙa tonon gidan tururuwa don a samu abin sa wa baki. Buzuzu kuwa, wanda yara ke yi wa dariya, shi ke mulmula kashi ya binne. Da wannan binnewa yake kai taki wurin saiwa, ya kuma rage wa ƙuda wurin haihuwa. Ƙadandoniya na cin ruɓaɓɓen ganye ta mayar da shi gari. Tana a fadama na haɗiyar laka ta fitar da ita ƴan dunƙule masu laushi, irin waɗanda mai lambu ke gani da safe a bakin fangali ya san ƙasarsa na da rai. Bayan su akwai waɗanda ido ba ya gani, masu ƙarasa ruɓar da komi har ya zama abincin shuka.

Dukkansu abu huɗu suke bukata: abinci, wato ganye da kara da kashi, inuwa, damshi, da ƙasa mai laushi da iska ke shiga. Ku riƙe waɗannan huɗu a zuciya, don tarihin girman Maraɗi, in aka dube shi daga ƙasa, tarihin janye su ne ɗaya bayan ɗaya.

1945 DA ZAMANIN GYAƊA

Da Faransawa suka kafa mulki, Maraɗi ta zama kasuwar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, kanti-kantin Nasara suka buɗe a nan, gyaɗa ta zama kuɗin biyan haraji. Aka sare daji, gonaki suka faɗaɗa, lokacin da ake barin gona saura ya fara gajercewa. Gyaɗa kuma ba kamar hatsi ba ce wajen abin da take bar wa ƙasa. Hatsi na barin kara da tushiya. Gyaɗa kuwa tumɓuke ta ake da saiwarta, a kai harawa gida, a bar gona tsirara ga iskar hunturu.

A daminar 1945 gulbi ya cika ya afka wa tsohon gari. Gidajen ƙasa suka narke. Hukumar mulkin mallaka ta yanke shawarar a hau tudu. Aka shata sabon gari da tituna miƙaƙƙu, aka raba filaye, mutane suka hau da sunayen unguwanninsu. Hikimar a fili take: gulbi ba ya hawa tudu, yashin tudu kuma na shanye ruwan sama. A wancan lokaci lissafin daidai ne. Garin ƙarami ne, tsakar gidaje ƙasa ce, katanga da yawa zana ce, tituna yashi ne, gonaki na farawa daga bayan gida na ƙarshe. Akwai kuma kududdufai inda aka ɗebi ƙasar gini, su ke tara rarar ruwa, ya nutse a hankali.

Wato sabon garin ya dogara da ƙasa mai sha. Ba wanda ya rubuta haka a takardar tsarin gari, don ba wanda ya yi zaton wata rana za ta kasa.

YADDA GONA KE ZAMA KARTIYE

Ƙidayar jama'a ta nuna yadda abin ya tafi. A 1977 mutanen birnin Maraɗi wajen 44,000 ne. A 1988 sun haura 110,000. A 2001 wajen 148,000. A 2012 kuma wajen 267,000. Cikin shekara 35 garin ya ninka sau shida. Farin 1973 da 1974 ya koro mutane daga karkara, na 1984 ya ƙara koro wasu, kasuwanci da Najeriya ya jawo saura. Unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho, da waɗanda suka biyo bayansu, a kan gonakin hatsi suke zaune. Da yawa cikinmu mun ci ɗanyen wake a inda yau shaguna suke.

Mu bi gona guda mu ga abin da ke faruwa da ita daga ranar da aka kafa mata duwatsun lotisma.

Da farko gawo ke tafiya. Mai gona ya san ƙasar ta fita hannunsa, sai ya sare itacen ya sayar, ko mai sabon fili ya sare don yana tsakiyar inda zai sa ɗaki. Gawo kuwa shi ne ke kaɗe ganye da damina ya ciyar da ƙasa, ya yi inuwa da rani dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar kashi. Da faɗuwarsa inuwa da abinci sun tafi tare. Yashi tsirara a watan Afrilu da Mayu zafin samansa na haura digiri 50. Ƙwaron da ke zaune kusa da sama ba ya jure wannan.

Na biyu, a fasa suri, a zuba masa magani ko baƙin mai. Wannan ba mu ga laifin kowa ba. Wanda ya tara kuɗin shekara goma ya sa azara da ƙofa, ba zai zauna gara ta cinye masa ba. Amma mu san cewa a fili guda ba a kashe masu ɓarna kaɗai, har da masu huda ƙasa ake haɗawa.

Na uku, kamyo. Motar yashi da ta tsakuwa da ta siminti su yi ta bin hanya ɗaya, amalanke da babura su biyo baya. Ƙasa mai kyau kusan rabinta sarari ne, ƴan ƙofofi da iska da ruwa ke zama. Nauyi na matse ƙofofin nan. Inda aka matse, saiwa ba ta ratsawa, ƙwaro ba ya tonawa, ruwa ba ya sauka. Ko inda mota ba ta bi ba, in ƙasa ba ta da rufi, ɗigon ruwan sama da kansa na dukan ta, ya tara ƴar ƙura mai laushi a sama ta yi ɓawo. Ɓawon bai kai kaurin farce ba wani lokaci, amma ya isa ya sa ruwa ya zame. Shi ne mafarin fako. A gona gara da fartanya ke fasa shi. A cikin gari ba kowa.

Na huɗu, rufewa. Rufin kwano, daɓen siminti a tsakar gida, gudro da pabe a titi. Mu yi lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Fili mai murabba'in mita 400, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, lita 20,000 ne suka sauka a kansa, wato tano ɗari mai cin lita 200. Lokacin da filin ke gona, mafi yawan ruwan ga nan yake nutsewa. Yau in an rufe shi da kwano da siminti, ta indararo da ƙofar gida zai fita titi. Ku ninka da gidajen layinku, ku ninka da layukan unguwa. Ruwan kuma gangara yake nema, gangaren Maraɗi kuwa wajen gulbi yake, ta kan tsofaffin unguwanni da gidajen ƙasa na masu ƙaramin ƙarfi. Mai daɓe a sama ya kwana lafiya, na ƙasa ya kwana yana kwalfa.

Na biyar, kududdufi. Da fili ya yi tsada sai muka cike su da shara, muka yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta wurin kwanansa.

Ba muna cewa gudro da pabe abin ƙi ne ba. Mun ga yadda ayyukan Maraɗi Kwalliya na 2015 suka gyara fuskar gari, kowa ya ji daɗi. Maganar ita ce duk murabba'in mita da aka rufe, ruwansa na neman wurin zuwa, kuma ba kanibon da zai iya maye gurbin ƙasar gari guda.

JUJI YA SAKE HALI

Tsohuwar alaƙar gari da gona ma ta lalace, kuma leda ce ta fara ɓata ta. Jujin yau toka da kashin dabba na nan, amma a cakuɗe da leda, da robar ruwa, da fasasshen kwalba, da matattun batura, da tsumman roba. Manoman bakin gari har yanzu suna karɓar sharar, don taki tsada gare shi. Ku zaga gonakin da ke kewaye da Maraɗi da rani, za ku ga baƙar leda ta lulluɓe ƙasa, ta maƙale a kowace ƙaya. Gara ba ta cin leda. In ta nutse cikin ƙasa sai ta zama shimfiɗa, ta tare ruwa ta tare saiwa. Dabba ta haɗiye ta, ta rame ta mutu. Tun 2014 akwai doka a ƙasar ga da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma kowa na ganin abin da ke kasuwa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ɓaraguzan siminti da toka mai yawa na sauya ɗabi'ar ƙasa ta koma kamar mai kanwa, wasu shuke-shuke su kasa cin abincin da ke cikinta. Ruwan wanki da sabulu da ake watsawa wuri guda kullum na tara gishiri. Baƙin man gareji na toshe ƙasa ya kashe abin da ke ciki. Batura na zubar da ƙarafa masu guba irin su dalma, waɗanda ba sa ruɓewa, kuma ganyen lambu na iya ɗaukar su ya kawo mana cikin kwano.

Kada a ɗauka ƙasar gari ta zama kufai ba mai rai. Abin da ke faruwa shi ne iri-iri na raguwa, ƴan kaɗan masu jure zama da mutum su yi yawa. Kyankyaso ya samu masai da kanibo. Ƙananan tururuwan sukari sun samu ɗaki. Irin garar da ke cin katako ta samu silin da ƙofa, tunda mun share mata kara da ganye. Sauro ya samu ruwan da ya kasa nutsewa. Buzuzu kuwa da zago da ƙadandoniya sun ja baya. Mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu ga shinge sun rufe fitila bayan ruwan farko, yara na bin su da kwano, kamar yadda muka saba a da? A bakin gari da ƙauye har yanzu ana gani. A tsakiyar gari sai jefi-jefi. Akwai kuma wani abin lura: gidan da ke da bishiya da ƴan awaki da wurin da ake ban ruwa, in ka tona za ka tarar da tana da ƙwari fiye da na gonar jigawa. Wato ba gari ne kansa ke kashe su ba, yadda muke zaman garin ne.

FADAMA TSAKANIN WUTA BIYU

Kwarin da kakanninmu suka baro shi ma bai tsira ba. Wajen 1990 aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, a kan kogin da ke ciyar da gulbinmu. Tun daga nan malalar da ke kwanciya a fadama ta bar sabuwar laka ta ragu. Daga ɓangaren gari kuma, ruwan da tudu ya ƙi sha na gangarowa da ƙarfi, yana yanka kwazazzabai, yana kwaso yashi da shara ya zube a kan laka. Masu bulo na ɗibar ƙasar sama, wadda ita ce mai rai, motoci na ɗibar yashin gulbi don ginin da ba ya ƙarewa.

A lambuna kuma magani ya yi yawa. Mai tumatir da kabeji na fesa piya-piya da ire-irensa don tsutsa, sau da yawa ba awo. Maganin ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne ma'aikaci. Inda tana ta ƙare, laka na daskarewa, ta tsage da rani ta yi kwaɓo da damina, sai an ƙara takin zamani kowace shekara kafin a samu abin da ake samu a da. Duk mai cin salati da albasa a garin ga, wannan magana tasa ce.

ƘAUYE YA KOYA, BIRNI BAI KOYA BA

Abin mamaki, maganin wannan ciwo a jiharmu da maƙwabtanta aka gano shi. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. A shekarun ne kuma wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin ga suka fara abin da muke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito a gona, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 sun sake yin itatuwa ta wannan hanya, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

A jihar Tawa kuma, ƙarshen shekarun 1980, wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake farfaɗo da fako da ramuka. Suka dawo suka yi, shi ne tassa. A haƙa ƙaramin rami a ƙasar da ta mutu, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun da rani. Wa ke zuwa? Gara. Ta ci takin, ta huda ƙasan ramin, ruwan farko ya taru ya nutse, hatsi ya tsiro a inda ko ciyawa ba ta fitowa. Har fako ya yi daraja aka riƙa sayensa a wajen Badagishiri. Manomi ya gayyato gara da hannunsa, a daidai shekarun da mu a birni muke korar ta da baƙin mai.

Yamai ma ta taɓa yin nata tunanin. Tun 1965 aka fara dasa zoben itatuwa kewaye da babban birni, yawanci dogon yaro. Da gari ya faɗaɗa, lotisma da shara suka ci wuri mai yawa a cikinsa. In babban birni bai iya kare abin da ya dasa da hannunsa ba, mu ma sai mu yi hattara.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ba za a mayar da Zariya gonar hatsi ba, ba kuma wanda ke son haka. Yaranmu na bukatar wurin kwana. Amma akwai abubuwan da ba su bukatar kuɗin waje.

Mai gini, kada ka daɓe tsakar gida kaf. Bar kusurwa guda ƙasa, ka sa itace, ka karkata indararo ya zuba nan. In ka tarar da gawo ko aduwa a filinka, zauna da magini ku duba ko ɗakin zai iya matsawa mita biyu. Uwar gida, ganyen da aka share da kashin awaki da toka kaɗan, a tara su gindin itacen a rufe da ƙasa, leda da batura a ware su dabam. Tsoron gara gaskiya ne, amma kariyarta a jikin gini ake yi: a ɗaga tushe, a shafe katako, kada itace ya taɓa ƙasa, ramin taki kuma ya yi nesa da bango. Masu amalanken shara da manoman da ke saye, in an tsince leda kafin a kai gona, kowa ya ci riba.

Hukumomin gari kuma, muna roƙo da girmamawa: duk sabon lotisma a fara duba inda ruwa ke kwana da inda yake bi, a bar shi fili, a rubuta a takarda cewa ba na sayarwa ba ne, kuma a tsaya a kan haka. Kududdufan da suka rage a yashe su a kewaye su saboda yara, kada a cike. Filayen lakwal da na asibiti da bakin tituna a bar musu ƙasa da itatuwa. Muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a garin ga, da malaman aikin gona da ɗalibai. Abin alfahari ne a ce sun bi unguwa-unguwa sun auna yadda ƙasa ke shan ruwa, sun ƙirga abin da ke cikinta, sun faɗa mana da Hausa a rediyo.

A 1945 kakanninmu sun samu tudun da za su hau. Mu ba mu da wani tudu sama da wannan, a kansa za mu zauna mu da jikokinmu. Kafin damina ta sauka, kowa ya ɗauki fartanya ya sara ƙasar gidansa taƙi guda, ya zuba ruwa bokiti ɗaya, ya tsaya ya ga minti nawa zai yi kafin ya nutse, ya kuma duba ko akwai mai motsi a ciki. Ku gaya mana abin da kuka gani da sunan unguwarku. Ƴan Damagaram da Tawa da Yamai, ku ma muna jiran naku. Dattawan da suka ji labarin hawan tudu daga bakin iyayensu, ku taimaka mana da abin da kuka riƙe, a rubuta kafin ya ɓace.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya. Mu kwana lafiya.